Babbar waya ko ƙarama: wacce za a saya wa ɗan bak?

Ranar da Yaya ta kwashi adashenta ba ta zarce gida ba, sai da ta biyo ta wurina a Zango. Tun da na fara koyarwa ta daina kiran sunana, Mushe take ce mini, rabi girmamawa rabi tsokana. Bayan mun gaisa ta sha ruwa, ta ce, "Mushe, ɗan naka ya hana ni sakat da maganar waya. Bana zai yi bak. Shi babba yake so, wai duk ƴan ajinsu suna da ita. Babansu kuma ya ce ko ƙarama ko babu. Kai ne kullum cikin yara, ka raba mana gardama." Bak ɗin da take nufi ita ce jarrabawar gama sakandare. Yaron ɗan fari ne, shi ya sa ba ta kama sunansa, ni ma ba zan kama ba.

Gidaje da yawa a Damagaram ana wannan ja-in-ja duk farkon shekarar lakwal. Iyaye mata sun fi duba kuɗi, iyaye maza sun fi duba tarbiyya. Ni da nake wuni gaban allo ina koyar da lissafi, abin da nake dubawa daban ne: minti nawa yaro zai iya zama a kan aiki guda kafin wani abu ya fizge shi. A kan wannan ma'auni zan ɗora wayoyin biyu, da kuma hanyoyin da ke tsakaninsu.

Bari in fara da ba babbar waya haƙƙinta, don tana da shi, kuma masu zaginta sukan manta. Littafi ba ya isar yaranmu. A aji guda sai ka tarar ƴan kaɗan ne ke da littafin fizik nasu na kansu, sauran sai kaye, wato littafin rubutu, da abin da mushe ya rubuta a allo. Yau tsofaffin tambayoyin bak na shekaru da dama, da gyaransu, suna yawo a guruf ɗin WhatsApp na ƴan aji, kyauta. Yaron da bai gane darasi da safe ba, yana iya kallon bidiyon wani malami yana warware irinsa, ya tsayar, ya mayar baya, har sau biyar, ba wanda zai yi masa tsawa ko ƴan aji su yi masa dariya. Ga ƙamus na Faransanci a ciki. Ga shi idan aka canja lokacin darasi, ko mushe ya kira karatun Asabar, a guruf ake faɗa. A 2024, da ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba, na ga bambanci da idona tsakanin waɗanda suka samu darussa ta waya a makonnin nan da waɗanda suka dawo kansu fayau. Don haka wanda ya ce babbar waya ba ta da amfani ga ɗan bak, bai shiga aji kwanan nan ba.

Matsalar ita ce, ƙofar da darasi ke shigowa, ta nan komai ke shigowa.

Wani dare, kafin wannan magana ta taso, na je gidan Yaya a Birni na tarar da yaron a zaure, ya ari wayar abokinsa wai zai kwafi wani aikin lissafi da aka turo. Yana zaune kan tabarma, kaye a cinya, waya a gefen gwiwa, fuskarta sama. Na zauna ina kallonsa ba tare da na ce komai ba. Ya kai layi na huɗu, inda akwai alamar ragi, wadda yara ke ce wa muwan, a gaban baka, kuma dole ta juya duk abin da ke ciki. Ya ɗora bik zai buɗe bakar ke nan sai wayar ta yi haske. Bai ma ɗauka ba. Ido kawai ya kai, ya karanta rabin saƙon da ya fito a sama, ya yi murmushi, ya dawo. Ya buɗe baka, ya juya lamba ta farko, ya bar ta biyu yadda take. Daga nan ya ci gaba da aiki mai tsabta har layi goma sha, kowane layi daidai yake a kan kuskuren da ke sama. Da amsa ta ƙi fitowa sai ya ce, "Kawu, ni wallahi lissafin nan ba ya shiga kaina." Na ce masa lissafi ya shiga, saƙo ne ya ture shi ya faɗi.

Abin da ke faruwa ke nan. Wurin da mutum ke riƙe abin da yake aiki da shi a ka ƙarami ne, kamar faifai. Masana sun ce abubuwa kamar 4 yake ɗauka a lokaci guda. Wanda ke tsakiyar lissafi faifansa cike yake: ga alamar ragi, ga abin da ya aro, ga inda ya dosa. In aka ɗora sabon abu, dole wani ya zame. Abin da muke kira yin abu biyu lokaci guda, in duk biyun na buƙatar tunani, kai-kawo ne kawai hankali ke yi tsakaninsu da sauri, kuma kowace juyawa da ladanta. Hausawa sun riga masu bincike faɗa, taura biyu ba ta taunuwa. Masu binciken sun dai zo sun auna. A 2015 a wata jami'a ta jihar Fulorida a Amurka an ba ɗalibai aikin da ke buƙatar sa ido, aka riƙa kiran wayoyin wasu ko aika musu saƙo ba da saninsu ba. Waɗanda wayarsu ta yi ƙara sun fi yin kuskure, alhali ba su ko taɓa ta ba. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa in mutum ya bar aiki bai gama ba ya koma wani, wani yanki na hankalinsa yana maƙale a na farko. Murmushin da yaron ya yi, ai ba a nan ya ƙare ba. Yana buɗe baka yana shirya amsar da zai mayar.

Yara suna da amsa a kan wannan, kuma kullum iri ɗaya ce: "Mushe, mu mun saba, zamaninmu ne." To, an gwada masu cewa sun saba. A jami'ar Stanford, a 2009, Clifford Nass da abokan aikinsa sun ware ɗaliban da suka fi kowa haɗa abubuwa da yawa a allo lokaci guda, suna zaton su za su fi iya juyawa daga wannan aiki zuwa wancan. Sai ga shi su ne abin banza ya fi ɗauke wa hankali, kuma ko a juyawar an fi su. Binciken da aka yi daga baya bai samu tazara mai girma haka ko'ina ba, amma mafi yawansa bai nuna cewa sabo yana mai da mutum gwani ba. A jami'ar Yuta kuma, a 2010, an sa mutum 200 tuƙin mota na gwaji suna amsa tambayoyi ta waya. Kashi 2.5 cikin ɗari ne kaɗai tuƙinsu bai lalace ba, wato mutum 5. Kowane yaro a ajina ya yi imani yana cikin biyar ɗin nan.

Yanzu ƙaramar waya, mai madanni da tocila, irin wadda Itel da Tecno suka cika kasuwa da ita.

Babban abin da take da shi shi ne abin da ba ta da shi. Tana kira, tana aika saƙon rubutu, tana kama rediyo, tana haska hanya. In ka gama abin da ya sa ka ɗauke ta, ba abin da zai riƙe ka. Babbar waya ba haka aka ƙera ta ba. TikTok da Facebook ba su da ƙarshen shafi, kana ja wani na fitowa, kuma da gangan aka yi su haka, don daɗewarka a ciki ita ce hajar da suke sayar wa masu talla. Yaro ɗan shekara 18, shi kaɗai da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ana so ya fi ƙarfin kamfanonin da ke biyan dubban injiniyoyi albashi don kada ya ajiye wayar. Wannan ba kokawar da za a sa kuɗi a kansa ba ce.

Sai caji. Wanda ya yi watan Afrilu da Mayu a Damagaram, lokacin da zafi ke kai wa makura, wuta na zuwa tana tafiya, kuma daidai lokacin ne ƴan bak ke bita, ya san darajar wayar da ke kwana uku ko huɗu ba ta nemi caji ba. Sai kuɗi: da abin da za a sayi babba guda, ko mai arha ce, za a sayi ƙanana da yawa, kuma sayen babba somin taɓi ne, don forfe, wato kuɗin intanet, shi ne bakin da ba ya ƙoshi. Forfen dare ya fi arha, yara sun sani, shi suke saye. Washegari ƙarfe takwas ni nake karɓar sakamakon, idanu jajur, kai na lilo a teburin baya.

Kada kuma a raina ƙaramar waya a fagen karatu. A nan ƙasar, a ƙauyukan jihar Damagaram da ta Doso, aka yi ɗaya daga cikin sanannun gwaje-gwaje a kan waya da ilimi. A 2009 da 2010, Jenny Aker ta jami'ar Tufts da abokan aikinta sun bi azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙauyuka sama da 100. A rabin ƙauyukan an ƙara wa manya darasin amfani da ƙaramar waya, yadda za su rubuta saƙo su karanta, su gane lambobi. Waɗannan sun fi sauran sakamako a rubutu da lissafi, kuma watanni bayan an rufe aji bambancin a lissafi bai gushe ba. Wayar da ta yi wannan aiki ba ta da intanet, ba ta da bidiyo. Abu guda ta ba su, dalilin yin rubutu kullum. Tana tuna mini da allon almajiri: aya kaɗan ce a kai, ba a wankewa sai an haddace, kuma ba wani abu a gefen allon da ke kiran sunanka. Garin da ya cika da tsangayu bai kamata a koya masa amfanin shafi guda ba.

Amma ƙarama tana da nata aibun, kuma in na ɓoye su na cuci Yaya. Ba ta buɗe takardun da ake turowa. Yaron da ba ya cikin guruf ɗin aji sai ya zama na ƙarshen jin labari, wani lokaci ya je lakwal ya tarar an ɗage darasi, ko ya zauna gida alhali ana yi. Akwai kunya kuma, kuma kunyar saurayi ba abin wasa ba ce: ya fito da ƴar tocila a fada, ana shan shayi, kowa da faffaɗar waya a hannu, sai a mai da shi abin ba'a. Abin da ya fi damuna shi ne aro. Yaron da aka hana babbar waya a gida ba ya daina ganinta, wurin abokai yake komawa. Sai ya zama maimakon ya ɓata awa guda a zaure inda ake ganinsa, ya ɓata awa uku a fada inda ba mai ganinsa, a kan wayar da ba wanda ya san abin da ke cikinta. Hukuncin babansu na "ko ƙarama ko babu" a nan yake yoyo.

Daga nan mutane kan ce, to a sayi babbar, a sa mata takunkumi. Ana iyawa. A wayoyin Android na yanzu akwai wurin da aka rubuta Bien-être numérique, in wayar da Faransanci take. A nan za ka ga awa nawa aka yi a kowace manhaja, ka yanka wa TikTok minti 30 a rana, ka sa wasu su rufe lokacin karatu. Ana iya kashe ƙarar guruf, ana iya sa ta a yanayin jirgin sama. Duk na gwada su a kaina, kuma suna aiki, ga wanda ya riga ya yi niyya. Ga wanda bai yi ba, kura ce aka ba ajiyar nama, don makullin yana hannun wanda aka kulle, taɓawa biyu ya buɗe.

Akwai wani gwaji da aka wallafa a 2025 da ya nuna fuskokin nan biyu a tare. An samu mutum 467 a Amurka da Kanada da suka yarda a toshe intanet ɗin wayoyinsu na mako 2, kira da saƙon rubutu na aiki, wato an mai da babbar waya ƙarama. Da aka auna, iya tsayar da hankali a kan abu guda ya ƙaru, kuma mafi yawansu sun ce sun fi jin daɗin rayuwarsu. Sai dai kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka iya riƙe toshewar yadda aka nema. Manya ne fa, da kansu suka kawo kansu. Saura uku cikin huɗu sun kasa. In haka ne ga manya, me za mu ce da ɗan bak?

Shi ya sa na fi yarda da nisa a kan takunkumi. A 2017 masu bincike a jami'ar Tekzas da ke Ostin sun gwada mutane kusan 800: wasu waya a kan tebur a kife, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki. Na wani ɗakin sun fi na kan tebur sakamako, duk da cewa wayoyin shiru suke. Wasu da suka maimaita gwajin ba su samu bambanci mai yawa ba, don haka ba zan rantse da shi ba. Amma ba na buƙatar jami'a ta faɗa mini cewa wayar da sai ka tashi, ka sa takalmi, ka ratsa tsakar gida, ka yi sallama ɗakin mahaifiyarka kafin ka taɓa ta, ba za ka duba ta sau arba'in a dare ba. Takunkumi yana sa yaro ya yanke shawara duk bayan minti biyar, kuma sau ɗaya ya isa ya faɗi. Nisa sau ɗaya ake yanke ta, da magariba.

Ƙasashen da suka hana waya a makarantu wannan lissafin suka yi. Faransa ta kafa doka a 2018 ta hana ta a firamare da kwaleji. A Ingila, wani bincike a makarantu 91 na birane 4 ya gano sakamakon jarrabawa ya ɗan tashi bayan hanin, kuma tashin kusan duka a wurin yara masu rauni yake, masu ƙoƙari ba abin da ya canja musu. A Suwidin an maimaita ba a ga komai ba. Abin da na ɗauka daga ciki, kuma ya dace da abin da nake gani a aji, shi ne waya ba ta cin kowa daidai. Yaron da ya riga ya iya zama, da wuya ta kayar da shi. Wanda ke kan gaɓa, mai neman 10 cikin 20 da ƙyar, shi take turawa rami. Don haka kafin uwa ta tambayi wace waya, ta fara tambayar wane yaro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan Yaya kansa na ja, amma tsuntsu in ya gifta sai ya bi shi da kallo.

Wani abu kuma da iyaye ba sa lissafawa: wayar ɗanka ba shi kaɗai take ci ba. A Kanada, a 2013, an gano ɗaliban da ke zaune inda suke hango allon kwamfutar wani yana yawo a intanet lokacin darasi sun samu ƙasa da sauran da kashi 17 cikin ɗari, alhali su ba su taɓa komai ba. A ajinmu da yara uku ke matse a tebur guda, waya ɗaya a ƙarƙashin tebur ta isa ta kwashe layi.

Ga ma'aikaci maganar ta canja, kuma ba zan ba magidanci shawarar da na ba ɗan bak ba. Tela a Kasuwar Dole, ta WhatsApp ake turo masa samfurin ɗinki. Ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Kano ko Maraɗi, hoto ake aiko masa, ya tura kuɗi ta Nita ko Amana. Wannan in ka ce ya koma ƙarama, ka rufe masa shago. Abin da zai raba shi ne lokacin hannu da lokacin waya. Duba saƙo yana jiran mai saye ba ya rage masa komai. Duba saƙo almakashi na cikin shaddar mutane, nan ne asara. Ɗan kabu-kabu kuwa nasa ya wuce asara: hukumar lafiya ta duniya ta ce mai tuƙi yana waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau 4 wajen haɗarin yin karo. Shi kam ƙarama a aljihu ta fi masa, ya tsaya gefen hanya ya amsa.

Masu aikin biro da mu malamai mu ne muka fi yaudarar kanmu, don hannunmu ba ya jini in mun yi kuskure. Gloria Mark ta jami'ar Kalifoniya da ke Abain ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da ma'aikaci ke yi a kan abu guda a allon kwamfuta kafin ya juya. A 2004 kusan minti 2 da rabi ne. A 2012 ya koma daƙiƙa 75. A ƴan shekarun nan ya tsaya wajen daƙiƙa 47. Da na fara karanta wannan na ce Turawa ne. Sai ƙarshen wani zangon karatu ya zo, ina zaune ina cika sakamakon aji mai yara fiye da 70, waya a gefe, guruf ɗin malamai ya ɗau zafi a kan wata magana da yau ko tuna ta ba na yi. Ina rubuta maki, ina leƙawa, ina mayar da amsa, ina dawowa. Wani wuri na tsallake suna guda. Daga nan zuwa ƙasa kowane yaro ya ɗauki makin na ƙasa da shi. Ban gane ba sai da wata yarinya mai ƙoƙari ta zo da takardarta tana hawaye, ta ce, "Mushe, 15 na samu, an rubuta 6." Kwana biyu na yi ina gyara, ban da haƙurin da na yi ta bayarwa. Abin da ya fi ba ni haushi, a daren da na yi ɓarnar ji nake aiki na gudu. Ita ma Mark ta samu haka a wani gwaji a 2008: waɗanda ake katsewa sukan ƙara sauri don su cike giɓi, amma su tashi da gajiya da ƙunci fiye da sauran.

Tun daga nan, in zan yi gyaran takardu ko cika maki, babbar wayata tana cikin akwatin moto, ƙarama mai layin da iyali suka sani tana aljihu. Ga ma'aikacin da ke da hali, wayoyi biyu ita ce hanyar da na ga ta fi daɗewa ba ta karye ba. Wanda ba shi da hali, ya kashe intanet ya bar kira, ya faɗa wa shugabansa da mutanen gida cewa abin gaggawa a kira, saƙo kuwa yana dubawa bayan azahar da bayan la'asar. Mafi yawan mutane ba amsa nan take suke buƙata ba, so suke su san yaushe za ta zo. Ɗalibin jami'ar André Salifou ma kusan nan ya faɗa: shi ba zai iya rabuwa da babba ba, don darussa da sanarwa ta nan suke zuwa, kuma ba uwar da za ta riƙe masa. Nasa sai dai ya sauke takardun da rana, ya buga masu muhimmanci a takarda, ya bar wayar a ɗaki in zai fita bita.

Maganar bugawa, in an tambaye ni inda kuɗin ɗan bak ya fi yin amfani, fotokopi ne. Tambayoyin bak na shekara biyar a takarda, a ɗaure, ba sa haske, ba sa ƙara, caji ba ya ƙare musu, kuma ana rubutu a gefensu. Ƴan mata ma haka, kuma a nan ina da ƙorafi: gidaje da yawa ana saya wa namiji babba a hana mace ko ƙarama, wai tarbiyya. In don hankali ne, nasu iri ɗaya ne, dokar ta hau kan kowa.

Abin da na ce wa Yaya ke nan a ƙarshe: ta sayi biyun, amma babbar ba tasa ba ce. Ƙarama a aljihunsa dare da rana, da layinsa. Babba mai sauƙin kuɗi ta gida ce, tana ɗakinta, a sa WhatsApp ɗinsa a ciki don ya kasance cikin guruf ɗin aji. Daga la'asar zuwa magariba tana hannunsa, ya sauke abin da aka turo, ya kalli bidiyon darasi, ya yi hirarsa ma in yana so, ba mai leƙa masa. Ana kiran magariba ta koma. Ranar Lahadi a sake masa. In ya ci bak, ta zama tasa, ya tafi da ita jami'a.

Yaron bai ji daɗi ba. Ranar da muka je Kasuwar Dole ya tsaya bayana yana kallon manyan da ke cikin gilashi, da mai shago ya miƙo masa ƙaramar sai ya karɓa da yatsa biyu kamar an ba shi mataccen ɓera. Ya ce, "Kawu, yanzu da wannan zan shiga fada?" Na ce ya ce musu ta kawunsa ce ya ara. Da canjin da ya rage Yaya ta sayi fitila mai caji da rana, ta ba ni sauran in kai wurin fotokopi.

An yi wata uku yanzu. Sau biyu an kama shi da wayar aboki a zaure, sau ɗaya kuma ya cika katin ƙaramar da waƙoƙi ya ce darasin Ingilishi ne. Amma kayensa na lissafi ya yi kauri, kuma rabon da ya ce mini abu ba ya shiga kansa an kwana biyu. Makon jiya shi ya zo da ƙara wurina. Wai in la'asar ta yi ya je karɓar waya, sai ya tarar Inna ta shiga guruf ɗin ƴan adashe, tana sauraron saƙon murya ɗaya bayan ɗaya, tuwo na kan wuta, tana ɗaga masa hannu tana cewa ya jira minti biyu.